Karen Zare a Tabarmar Baba

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa mini ko a zuci ne, tunda waya ba ta kawo mini muryoyinku.

Sunana Zulaihatu. A Akokan aka haife ni, nan gefen Arlit, amma in kuka tambayi Baba, Malam Fatahu, zai ce muku mu 'yan Damagaram ne da suka zo aiki, kamar jiya muka sauka daga mota. Tun yana saurayi yake shiga ƙarƙashin ƙasa haƙar ma'adinai yana fitowa, har aka rufe ramin, ya dawo gida da tari da rediyo da zuciya mai saurin hawa. Innata ta rasu ina ƙarama. Gwaggo Hawa, yayar Baba, ita ta taso daga Zinder ta riƙe gidan, ta riƙe ni, ta riƙe shi kansa Baban in gaskiya za a faɗa.

Sana'ata saƙa. Ni da kwarashi ba ma rabuwa: hulunan jarirai, safa, 'yar shimfiɗar da ake rufe telebijin. Ta nan Amastan ya shigo rayuwata. Direban kamiyo ne, babbar motar kaya, Arlit zuwa Assamakka, mutanensa makiyaya ne can wajen Dannet. Ya zo sayen hular jaririn ƙanwarsa. Ya dawo ya sayi ta biyu. Da ya zo neman ta huɗu, Gwaggo ta leƙo ta ce, "Yaro, jaririn nan kawuna nawa gare shi?"

Baba kuwa da maganar ta kai kunnensa, cewa ya yi, "Direba, kuma Buzu? Rabinsa na hanya, rabinsa na daji. Wane rabin zai bar miki?"

Na yi kuka, na yi azumin magana, na tura limamin unguwa. Daga ƙarshe Baba ya ce mutanen Amastan su zo ranar Juma'a bayan la'asar ya gan su. Amma ya ɗora da wannan, yana nuna ni da tasbaha: "Zama ɗaya ne. In na ga abin da bai yi mini ba, magana ta mutu a kan tabarmar nan, kada wanda ya sake tayar mini da ita." 'Yan uwa, Baba ba ya lashe amansa. Kowa a Akokan ya sani.

To, ku ji abin da ya kai ni ga kare.

Wayar Amastan duk ta tsattsage. A aljihun gaba yake saka ta, hanyar Assamakka kuwa girgiza take kamar rariya, kullum sai ta faɗo ƙarƙashin kujera. Na ce bari in saƙa masa jaka mai igiyar ratayawa a wuya. Na zaɓi zare shuɗi mai duhu, launin rawaninsa, na yi mata saƙa matsattsiya don yashi kada ya shiga, da murfi da maɓalli. Saura ado. Ina tunanin ko fure ko tauraro, sai ga vokal ɗinsa, saƙon murya, ya shigo daga inda wayarsa ta kama rezo a hanya.

"Zulai, yau na wuce wasu makiyaya, na ga irin karena. Mu ba ma ce masa kare ma, oska muke cewa. Ja ne, ƙafafunsa farare kamar ya sa safar da kike saƙawa, da fari a ƙirji. Da sanyi bargo ɗaya muke shiga ni da shi. In an tatso madara shi ake fara zuba wa kafin ni. Bara ya mutu ina kan hanya. Anna ce ta binne shi da hannunta."

Anna, haka yake kiran mahaifiyarsa. Daga nan muryarsa ta karye, na ji ƙarar iska kawai, vokal ya yanke. Na saurara ban san sau nawa ba. Namijin da ko bakinsa ba ya buɗewa a gaban mutane, ga shi yana yi mini kukan kare. Ko hotonsa ba shi da shi.

Na ɗauko jan zare da fari. Na fara daga hanci, ina zagayawa ina ƙara ido har kai ya fito, na yi jiki, na yi ƙafafu huɗu da fararen tafi, na sa fari a ƙirji, na yi wutsiya. Duwatsun wata tsohuwar sarƙata baƙaƙe guda biyu suka zama idanu. Sai abin cusawa. Na duba gidan kaf ban ga auduga ba, sai matashin kan Gwaggo, wanda ta zo da shi daga Zinder, mai audugar rimi, ɗinkinsa ya ɗan saki a gefe. Da ta tafi kasuwa na zura yatsu biyu na yago abin da ya ishe ni, na mayar da matashin na juya ɓarakar wajen bango. Na cusa wa karen nan, na danna da gindin kwarashi, na ƙara, har ya yi ɓul-ɓul kamar ɗan ragon suna. Na ɗinke shi a gaban jakar. Wallahi ya yi mini kyau.

Ina cikin yanke zaren ƙarshe inuwa ta rufe ni.

"Innalillahi! Mene ne wannan?"

"Kare ne, Gwaggo."

"Na ga kare ne, makauniya kika ɗauke ni? Na wa?"

Ta dafe ƙirji ta zauna a kan turmi.

"Ke 'yar nan, a ina kika taɓa jin budurwa ta ba saurayi kare? Ana ba da hula, ana ba da turare. Ke kin tashi kin ce masa kare, kin ce wa uwarsa karya, kuma saura kwana kaɗan su zo! Fatahu! Fito ka ga abin da 'yarka ta haifa!"

Baba ya fito da rediyo a hannu. Bai taɓa jakar ba, da ido kawai ya dube ta.

"Cire shi. Mala'iku ba sa shiga gidan da ke da wannan. Cire ki jefa a bola, can 'yan uwansa suke."

"To, Baba."

Na ce to. Amma da na shiga ɗaki na ɗauki reza, sai na ga idanun nan biyu suna kallona, muryar Amastan kuma tana kunnena. Na ajiye rezar. Kada ku yi mini faɗa, na riga na sha.

Da yammar nan Amastan ya sauko daga hanya, ya tsaya a ƙofar gida kamar yadda ya saba, duk ƙura har gira. Na fito da mayafina ruwan toka, jakar a ɓoye a hammata, na miƙa masa da sauri. Ya juya ta, ya shafa fararen ƙafafun da babban yatsa. Sai ya zura wayar, ya rataya a wuya, ya tura ta cikin riga.

"Ba wanda ya taɓa yi mini irin wannan," ya ce.

Na koma ciki ina jin kamar a kan iska nake tafiya. Daɗin bai kai ko'ina ba.

Ranar Alhamis ina wanke kofunan shayi, waya ta yi ƙara, saƙon Amastan ne.

*Anna ta iso daga Dannet.*

*Barka! A gaishe ta.*

*Ta ga jakar. Ta karɓe.*

Kofi ya suɓuce mini cikin ruwa. Na goge hannu a zane.

*Ta ji haushin karen ne?*

*A'a. Tana ta matsa cikinsa da yatsa. Ta ce me aka sa a ciki.*

*Auduga ce wallahi tallahi.*

*Na gaya mata. Ta ce ba ni na cusa ba, ba ni zan sani ba.*

Sai ya yi mini bayani a vokal, yana magana ƙasa-ƙasa. Matan daji suna tsoron 'yan matan birni. Sun yi imani ana ɗinke laya ko gashi a cikin kyauta, a rataya wa yaro a wuya, ya manta tantin uwarsa. Wani ɗan ƙanwarta ya yi aure a Agadez, shekaru ke nan ba su ƙara ganin ƙeyarsa ba. Ga shi ni kuma na kawo abu mai ciki, a ɗinke, na wuya.

*Gobe da kanta za ta zo. Da jakar.*

Ban gaya wa kowa ba. Wa zan gaya wa? In ce wa Baba karen da ya ce a jefa bola zai dawo masa gida a hannun suruka?

Juma'a ta zo. Na share tsakar gida har sau biyu, na yayyafa ruwa, Gwaggo ta fito da sabuwar tabarma da darduma ta Makka ta shimfiɗa a rumfa. Dabino a faranti, lemo a bokitin ƙanƙara, gawayin shayi yana ja. Na sa atamfata koriya mai ganye, na ɗaura kallabi, Gwaggo ta gyara mini. Amastan ba zai shigo ba, ba a yin haka. Yana can wajen mai shayi a bakin titi, wayarsa tsirara a hannu, yana aiko mini da *sun taho*, *sun kusa*.

Aka yi sallama. Ta labulen ɗaki nake leƙe. Kawunsa Alkassoum ne a gaba, dogo, rawani ya rufe komai sai idanu. A bayansa wata 'yar siririyar tsohuwa cikin baƙin mayafi mai sheƙi, fuskarta a buɗe, da manyan 'yan kunne na azurfa. Fadimata ke nan, Annar Amastan. Gwaggo ta miƙe za ta ja ta ɗakin mata. Tsohuwar ta wuce ta kamar ba ta gan ta ba, ta zauna a tabarmar maza, daura da Baba.

"Kin gani ko?" Gwaggo ta raɗa mini ta labule. "Tun ba a je ko'ina ba."

Aka yi gaisuwa mai tsawo: gajiya, zafi, dabbobi, rijiya, tarin Baba. Aka sha shayin farko. Alkassoum ya gyara murya zai buɗe maganar da ta kawo su, sai Fadimata ta ɗaga masa hannu. Ta kwance bakin mayafinta, ta fito da jakar, ta ajiye a tsakiyar tabarma. Karen yana kallon sama, cikinsa tim.

Ban taɓa ganin fuskar Baba ta yi haka ba. Tasbaharsa ta tsaya.

"A kira yarinya," in ji ta.

Na fito, na durƙusa a gefe, kaina a ƙasa. Wayata tana ta motsi a cikin zane.

"Kai ne ka yi wannan?" Hausarta irin ta mutanen daji ce, mace da namiji duk kai ne.

"Ni ce."

Baba ya riga kowa. Ya yi magana da muryar mutumin da bai saba ba da haƙuri ba. "Baiwar Allah, ku yi haƙuri. Yarinta ce. Wallahi ba zagi take nufi ba, ba mu ɗauke ku karnuka ba. Na ce ta jefar..."

Tsohuwar ta dube shi da mamaki. "Zagi? Kare ina ya zama zagi? Ni ciki nake tambaya. Me aka sa wa ɗana a ciki?"

Sai da Baba ya ɗan jima kafin ya gane. Da ya gane, na ga jijiyar wuyansa ta tashi.

"Asiri kike nufi? A gidana?" Tari ya sarƙe shi, ya ture kofin ruwan da Gwaggo ta miƙo. "Ni Fatahu, da na ci gumina a cikin rami ban taɓa zuwa wajen boka ba, yau a zo har tabarmata a ce 'yata tana sammu? In haka kuka ɗauke mu, ai ba sai an sha shayi na biyu ba."

Ya dafa ƙasa zai tashi. Na san in ya miƙe tsaye, shi ke nan, ni da Amastan sai a lahira.

"Baba," na ce, ban san inda na samo muryar ba. "A ba ni almakashi."

Kowa ya juyo. Gwaggo ta shiga ɗaki ta kawo, ta dangwara mini a cinya. Baba bai tashi ba, bai kuma koma daidai ba, yana nan a dafe.

Na ɗauki karen. Na nemo layin da na rufe cikin da shi, na zura bakin almakashi na tsinke zare ɗaya, na ja. Ciki ya buɗe. A daidai lokacin wani abu ya faɗo mini a rai: ranar da na cusa audugar nan, kaina a tsefe yake, ba kallabi, saboda zafi. Duk mai saƙa ta san gashi ba ya neman izini kafin ya shiga aiki. In sili ɗaya ya faɗa ciki, wace rantsuwa ce za ta wanke ni?

Fadimata ta karɓe shi daga hannuna. Ta shimfiɗa gefen baƙin mayafinta, ta riƙa zaro audugar kaɗan-kaɗan, tana wargaza ta da farce kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ba mai motsi. Butar shayi tana tafasa tana zuba a kan gawayi, ba wanda ya sauke ta. Ni dai duk addu'ar da na iya na karanto ta a zuci, har da ta shiga kasuwa.

Yatsunta suka tsaya.

Ta jawo wani abu a hankali, dogo, siriri, ya yi ta fitowa kamar ba zai ƙare ba. Gashi. Na ji Baba ya ce "La'ilaha" can ƙasan maƙoshi. Ta ɗaga shi sama wajen haske, ta kanne ido ɗaya. Sai ta ɗora shi a kan baƙin mayafin.

Fari ne fat.

Ta dubi kaina, inda baƙin gashi ya leƙo ta ƙarƙashin kallabi. Ta dubi Baba, mai ƙwalƙwal a ƙarƙashin hula. Sai idonta ya sauka a kan Gwaggo.

"A ina ka samo auduga?" ta tambaye ni.

"A... a matashin kan Gwaggo."

"Matashina?" Gwaggo ta yi tsalle. "Shi ya sa wuyana ke ciwo! Ɓarauniya! Kuma ni ba ni da furfura, kowa ya sani!"

Kafaɗun Alkassoum suka fara rawa. Ya ja rawani ya ƙara rufe fuska, amma dariyar ta fi ƙarfin rawanin.

"Hajiya Hawa," ya ce, "in ke ce kike son yaron nan, ya yi miki ƙanƙanta. Ni dai ga ni, gwauro ne, kuma ina da raƙuma."

"Allah ya kiyaye! Ka ji mini tsoho da neman magana!"

Baba ya yi wani tari wanda ban tabbata tari ba ne. Ya koma ya zauna daidai.

Fadimata kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ci gaba da zaro audugar har ba abin da ya rage, karen ya lanƙwashe a tafin hannunta kamar safar da aka cire. Sai ta kama ƙafafun ta ja su, saƙar ta miƙe suka yi tsawo. Ta ja wuyan. Ta sa yatsa biyu ta matse cikin ya haɗe da baya. Ta riƙe shi haka, ta daɗe tana kallo.

"Yanzu ne," ta ce a hankali. "Haka yake. Har farin ƙirjin." Ta juyo gare ni. "Wa ya gaya maka oska yana da tumbi?"

"Ya ce shi ake fara ba madara. Na zaci wanda ake so haka, ai zai yi ƙiba. Ban taɓa ganin irinsa ba."

"Ko madarar raƙuma goma ya sha, haƙarƙarinsa a waje yake." Ta goge ido da bayan hannu, ta miƙo mini. "Rufe shi haka. Kada ka sa komai."

A gaban Baba, a kan tabarmarsa, na zura jan zare a allura na ɗinke cikin karen da ya ce in jefar. Sau biyu ina soke yatsa. Da na gama, tsohuwar ta karɓa ta ɗaure a bakin mayafinta, ta fuskanci Baba.

"Malam, na zo da zargi, na ga ba haka ba ne, ka yafe mini. Ɗana bai yi kukan karen nan a gabana ba, ashe a gaban 'yarka ya yi. Ina son shi a gidanmu."

"Ita," in ji Alkassoum. "Yarinyar take nufi."

Baba ya juyo. Ni ya kalla, kallon da ya fi mari.

"Na ce ki cire shi."

"Ka ce, Baba."

"Ba ki cire ba."

"Ban cire ba."

Ya ja tasbaha, ya ja, ya ja. Wayata ta sake motsi a cikin zane, na danne ta da gwiwar hannu. Can ya dubi butar da ta ƙone a kan gawayi.

"Hawa, a sake ɗora shayi." Ya juya ga baƙin. "Karen dai ya bar mini gida yau ɗin nan. Ita kuwa, ku dawo bayan Babbar Sallah a sa rana."

An ɗaura aurenmu da sanyin shekarar, muna zaune a cikin Arlit. Amastan yana nan kan hanyar Assamakka. Gwaggo ta sa wa ɗakinta kwaɗo, ta kuma ƙi Alkassoum, shi kuwa bai daina aiko mata da cuku ba. Fadimata ta koma Dannet, bayan biki ta aiko mini da ɗan kwikwiyon oska, ja mai fararen ƙafafu, yana kwance a tsakar gidana. Baba yana zuwa duba ni duk Juma'a, amma a ƙofar gida yake tsayawa mu gaisa.